JAWABIN DA ANKA YI GA TARON ƘUNGIYA BISA ƘOTAR WUƘA DA KUBENTA

Dattijai iyayenmu, Allah shi ja zamaninku. Ƴan uwa da kunka zo daga Yamai, Damagaram, Tawa da Agadas, barkanku da hanya.

Kun san garinmu garin maƙera ne. Samarinmu da dama da sunka tafi cin rani, da ƙira suke ci da iyalinsu. Cikin masu sayen aikinsu akwai waɗanda ba yanka za su yi da wuƙa ba. Tara ta suke yi cikin gida don sha'awa, su san ta wace ƙasa ce da wanda ya ƙera ta. Irin waɗanga mutane su ne ke biyan kuɗi mai kauri, kuma su ne ke da ido. Wanda za shi yanka nama kaifi yake dubawa. Mai tarawa kuwa ƙota yake fara riƙewa, shi juya ta, shi duba zobe, shi duba kube. Shi ya sa maganarmu ta yau bisa waɗanga abubuwa take.

Da can baƙi na zuwa da ƙafarsu wurin masu sana'a na muze na Yamai, wanda anka buɗe a 1959, ko Wadata, ko kasuwar Agadas. Tun sace-sacen baƙi na 2010 da 2011 zuwansu ya ragu ƙwarai. Yanzu galibi hoto ake aikawa ta salula, a yi ciniki, a aika kaya. Wanda ya saya bai gan ka ba, amana ya saya. In ƙota ta tsage bayan wata uku, ba kai kaɗai zai zarga ba, garin duka zai zarga.

Mu fara da icce. Ƙirya da marke da kanya suna da tauri da nauyi, kuma suna ɗaukar sheƙi in an goge su. Zuciyar iccen ake so, don farin gefen nan ƙwaro ke cin shi. Babban laifi shi ne aiki da ɗanyen icce. Ɗanye yana ƙanƙancewa in ya bushe, sai zobe shi yi sako-sako, ƙota ta buɗe baki. A sare gunduwa, a shafe bakinta biyu da kakin zuma ko fenti, a aje ta inuwa ta ga damina ta ga hunturu kafin a taɓa ta. Kuma mu tuna doka ta kare itace da yawa, kamar gawo da tsamiya da aduwa da maɗaci. A nemi izinin ma'aikatan gandun daji. Tsohon turmi da ya fashe ko tsohuwar ƙotar gatari sun riga sun bushe, ga su ba su ja ma kowa tara.

Sai ƙaho da ƙashi. Ƙahon sa ana samun shi mahauta da arha. Wajen tsini ya fi kyau don ba shi da rami. Ƙaho na laushi da zafi, a miƙe shi, a danne shi har shi huce. In wuta ta yi yawa sai shi ƙone, daga baya shi riƙa ɓarewa. Ƙashin ƙafar raƙumi kuwa yana da kauri da fari. Amma sai an fid da ɓargo an dafa shi sosai har maiƙo shi fita, in ba haka ba zai yi rawaya shi yi wari cikin ɗakin mai shi.

Akwai abin da ba mu taɓawa ko nawa za a biya. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989. Ƙahon namun dajin Tarmit, da anka mai da wurin kariya a 2012, haramun ne. Fatar kada da mesa da guza ba ta ƙetare iyaka sai da takarda, haka iccen madobiya tun 2017. Duwan na can ƙasashen suna buɗe kaya. In sun ga irin wanga abu za su karɓe, mai saye shi yi hasara, shi kuma daina saye gare mu.

Maganar ƙarfen ado, zobe da hular ƙota, nan ne gaskiya ke da wuya. Jan gaci da tagulla su ne namu na gado. Ku dubi takobin Abzinawa: mariƙinsa an rufe shi da fata da tagulla da jan gaci har hannu ba ya taɓa baƙin ƙarfe. Aikin nan ne ya sa anka san shi duniya. Azurfa ta ƙwarai kashi 925 ce cikin 1000. Tsohon kuɗin nan mai hoton sarauniya da shekarar 1780, da maƙeran fari ke narkewa, nashi kashi 833 ne. Akwai kuma wani farin ƙarfe mai kama da azurfa wanda ba shi da azurfa ko ƙwaya. Aiki da shi ba laifi ba ne. Laifi shi ne a kira shi azurfa, don mai tarawa na da ruwan gwaji, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Sanholo da roba mai launi kuwa a bar su ga wuƙar kasuwa.

Haɗawa ma aiki ne. Wutsiyar ƙarfen ta ratsa ƙota har ƙarshe, a daddaƙe bakinta bisa ɗan faifan tagulla. Ƙotar da danƙo kaɗai ke riƙe da ita ba ta daɗewa. Kada a bar ramin da farce zai shiga tsakanin zobe da icce. Kuma a sa wuƙa bisa yatsa a ji nauyinta, kada ado shi rinjayi ruwan wuƙar.

Ga kube, Allah ya ba mu abin da wasu ke nema: fatar jar akuya ta Maraɗi, wadda anka jeme da bagaruwa, anka rina da karan dafi. Ku kai aikin ga dukawa na ƙwarai. A sa siririn icce daga ciki kamar yadda kakanninmu ke yi, don fata na riƙe danshi, ta sa ƙarfe tsatsa, ta sa tagulla kore. A shafa ma ruwan wuƙa ɗan mai kafin a aika.

To, ga abin da muke roƙon taro shi amince. Na ɗaya, ƙungiya ta yi rumfa nan gida inda za a tara icce shi bushe, a rubuta shekarar kowace gunduwa. Na biyu, kowace wuƙa ta tafi da ƴar takarda mai faɗin sunan icce, irin ƙarfe, irin fata da sunan maƙeri, kuma a buga tambarin garinmu bisa ruwanta. Na uku, wanda ya sayar da ƙarya da tambarin nan, a kira shi gaban dattijai.

Iyayenmu maƙera, ku ne kunka san zanen kakanni da sunan kowane zane. Idan samari sun dawo noma da damina, ku zaunar da su maƙera ku nuna musu, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma samari, ku tambaya tun masu sani na da rai.

Allah shi sa albarka ga sana'armu, shi ba mu damina mai kyau, shi mai da kowa gidansa lafiya.