Ina Kuɗin Koyar da Sana'a Suke Shiga?

Jawabin da wani ɗan'uwa malamin firamare ya gabatar a babban taron reshe

 

An umarce ni in yi magana a kan kuɗin da gwamnati ke zubawa a hukumomi da cibiyoyin koyar da sana'a, da yadda ake sa ido a kan kashe su. Na san a cikinmu akwai mai cewa a ransa, me ya haɗa malamin firamare da wannan, ga batun ƙarin girma da na fansho ba a gama ba? Yaran da muke koyarwa ne suka haɗa mu. Ɗalibin da ya bar hannunmu a aji shida bai samu wucewa sakandare ba, ko ya wuce ya tsaya a hanya, dominsa aka ce an gina waɗannan cibiyoyi. Da sunansa ake neman kuɗin, kuma da sunansa ake kashe su.

Kuɗin ba ta hanya ɗaya suke zuwa ba. Akwai Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda aka kafa a 1971, hedikwatarsa tana Jos. Doka ta ɗora wa kamfanonin da suka kai wani girma biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansu a kowace shekara cikin wannan asusu. Akwai Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, da aka kafa a 1986, tana da ofis a kowace jiha. Jihohi ma suna da nasu cibiyoyin, waɗanda ke cin abinci daga kasafin kuɗin jiha. 'Yan majalisa kuma sukan saka shirye-shiryen koyar da sana'a cikin ayyukan mazaɓu. A kan duk wannan ga rance: a 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin shirin bunƙasa koyon sana'a mai suna IDEAS. Rance ba kyauta ba ne. Yaran da ke zaune a ƙasa a ajinku yau suna cikin waɗanda za su biya shi.

To, wa ke bin sawun waɗannan kuɗi? A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne gizo yake saƙa.

Sashe na 125 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi Babban Mai Binciken Kuɗi ga kowace jiha. Idan Babban Akanta ya miƙa masa lissafin shekara, yana da kwana 90 ya kai rahotonsa gaban majalisar dokokin jiha, ita kuma ta ba kwamitinta mai kula da asusun gwamnati ya duba. Tsari ne mai kyau a takarda. Amma wannan sashe ɗin dai ya ce Babban Mai Binciken ba shi ne zai binciki asusun hukumomin gwamnati da doka ta kafa ba, kuma ba shi zai naɗa musu masu bincike ba. Nasa shi ne ya ba su jerin sunayen ƙwararrun da suka cancanta su zaɓa daga ciki, ya yi tsokaci a kan rahoton da aka kawo, sannan ya riƙa leƙawa lokaci zuwa lokaci. Ma'ana, hukumar da ke kashe kuɗin ita ke zaɓen wanda zai bincike ta, ita kuma ke biyansa. Ba na cewa kowane mai bincike zai rufe ido. Amma ku da kuke shirya jarrabawa, za ku yarda ɗalibi ya zaɓi wanda zai duba takardarsa, ya kuma biya shi ladan aikin?

Ko da binciken ya tafi daidai, abin da yake tambaya kaɗan ne: akwai bauca? Akwai rasit? An bi ƙa'idar ba da kwangila? Takardu suna iya cika cif, alhali yaro bai koyi kome ba. Idan aka ba da kwangilar gina aji, gobe kowa zai iya zuwa ya ga aji ko ya ga fili. Idan kuwa aka ce an horar da matasa ɗari biyar, ina za a je a gani? An yi taro, an ɗauki hoto, an watse. Hukumar ICPC, wadda ta fara bin sawun ayyukan mazaɓu a 2019, ita da kanta ta bayyana cewa shirye-shiryen tallafi da horaswa suna cikin waɗanda suka fi wuyar bibiya, kuma suka fi sauƙin karkatarwa.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mu riƙa rarrabewa idan muka ji an ambaci kuɗi a rediyo. Abin da aka ware a kasafi daban, abin da aka saki daban, abin da ya isa ɗakin koyo kuma daban. Sau da yawa kuɗin gini da sayen injuna sukan fita, domin akwai kwangila a ciki. Kuɗin yadi da zare da katako da sandar walda da man janareta kuwa sai a yi ta jira. Na san wata cibiya, ba zan kama suna ba, inda wata tsohuwar ɗalibata ta yi wata uku tana koyon ɗinki da takardar buhun siminti, kekuna na jere sababbi ful, ba ƙyallen da za a ɗinka. Ranar yaye su an kafa rumfa, an ba ta takardar shaida da keke. Bayan wata biyu ta sayar da keken, domin ba ta iya yanka riga ba, kuma ba ta da jari. A rahoton hukuma, tana cikin waɗanda aka sama wa abin yi.

Ba wai duk cibiyoyin haka suke ba. Akwai masu koyarwa a cikinsu da suke sayen kayan aiki da albashinsu, kamar yadda muke sayen alli da namu, kuma akwai yaran da suka fito suka buɗe shago har suka ɗauki wasu. Abin takaicin shi ne, tun da ba a auna sakamako, mai ƙoƙari da maras ƙoƙari kasonsu ɗaya, wani lokaci ma mai iya shirya biki ya fi samu.

Mu malamai, ana duba rajistarmu, ana duba shirin darasinmu, ana tantance mu kusan kowace shekara don a tabbatar muna raye. Ba mu ƙi ba, kuɗin jama'a muke ci. Abin da muke nema shi ne ma'aunin ya hau kan kowa.

Kuma muna da abin yi da shi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. An daɗe ana jayayya ko dokar ta shafi jihohi, amma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ta shafe su. Yawancin jihohi kuma yanzu suna saka kasafinsu da rahoton aiwatar da shi na wata uku-uku a intanet, mai waya a hannu zai iya karantawa.

Saboda haka ina roƙon Shugaba da wannan zaure a kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyar, a ciki har da mata biyu. Su rubuta wa hukumar da ke kula da cibiyar ƙaramar hukumarmu, su nemi a gaya mana nawa aka ware mata bara, nawa aka saki, a kuma ba mu sunayen waɗanda aka yaye da unguwanninsu. Wannan jerin sunayen shi ne abin da ya fi muhimmanci, domin a nan muka fi kowane mai bincike ƙarfi. Shi baƙo ne, suna kawai yake gani a takarda. Mu mun san yaron, mun san mahaifinsa, mun san ƙofar gidansu. Idan suna na bogi ne, hedimastan unguwar zai gane kafin ya kai ƙarshen shafi. Idan na gaske ne, malamin da ya koyar da shi zai iya tambayarsa cikin mutunci: kana sana'ar? Kayan suna nan? Me ya hana?

Abin da muka tattara sai mu kai wa kwamitocin gudanar da makarantu su tattauna da iyaye, mu kuma miƙa kwafi ga ɗan majalisarmu na jiha kafin a zauna kan kasafin baɗi. Idan zaure ya amince, ina shirye in rubuta daftarin wasiƙar in kawo wa Sakatare kafin taro mai zuwa.