Ɗan Malami da Mota Mai Rimot



Duk wanda ya riƙe aji ɗaya ko aji biyu a cikinmu ya san makon da ke biye da hutun Sallah. Yara sukan dawo jakunkunansu cike da abin da ba littafi ba: bindigar roba, tabarau, agogo mai walƙiya, 'yar tsana mai gashi, wani har da mota mai rimot. Da an tashi tara sai filin makaranta ya rabu biyu, masu riƙe da abu da masu kallo. Ba kunya ba ce mu faɗa cewa 'ya'yanmu, mu malamai, sun fi yawa a cikin masu kallo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin komai ya tashi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 ba ya kai gida ƙarshen wata, balle a yi zancen kayan wasa.

A bara mun ga wani yaro ɗan shekara shida, ɗan abokin aikinmu, ya yi kwana uku yana kukan ciwon ciki da safe. Ashe lafiyarsa ƙalau. Abokansa ne suka kafa doka cewa wanda ba shi da bindiga ba zai shiga wasan soja ba, sai dai ya zama ɓarawon da ake kamawa. Wannan ya nuna mana cewa ba robar ce ta dame shi ba. Abin da yake nema shi ne a sa shi a cikin wasa, kuma idan ba mu gane haka ba, za mu yi ta faɗa a kan kuɗi alhali yaro yana kukan kaɗaici.

Kuskure biyu muka fi yi a gida. Na farko, mu ce "gobe za a saya" don kuka ya tsaya, alhali mun san ba za a saya ba. Yaro yana ƙirga goben nan, har ya je ya faɗa wa abokansa, ranar da ta tabbata babu sai a kira shi maƙaryaci, shi kuma ya daina yarda da maganarmu. Na biyu ya fi muni: mu huce a kan iyayen wancan yaron, mu ce ai ubansa ba a san inda yake samun kuɗi ba. Da haka muke shuka hassada a zuciyar da ba ta san ta ba, kuma maganar takan koma gidan mutumin washegari ta bakin ɗanmu.

Gaskiya ta fi sauƙin ɗauka, ko ga ƙaramin yaro. Mu zaunar da shi, mu yarda cewa motar tana da kyau, domin tana da kyau ɗin. Sannan mu ce, "A watan nan kuɗinmu na abinci ne da takalminka." Zai yi kuka, a bar shi ya yi, ba rashin kunya ba ne. Bayan ya huce mu koya masa abin da zai ce idan an tsokane shi, gajere kawai: "Ni ba ni da ita, amma zan yi wasa." Mu maimaita tare da shi har bakinsa ya saba, domin yaron da ya rasa amsa, ko dai ya kai duka ko ya fara ɗaukar canjin cefane. Idan kuma abin da yake so bai fi ƙarfinmu ba, a saya masa asusu ya riƙa jefa wani abu daga kuɗin tara. Sau da yawa kafin asusun ya cika sha'awar ta koma kan wani abu, kuma ba mu ne muka hana shi ba.

A makaranta kuwa nauyin namu ne. Mu da muka girma muna ƙera motar langalanga da ta kara, muna gara gare a lungu, mun fi kowa sanin cewa yaron da ya iya ƙira shi ake bi. A ajin yaron nan mun sa aka kawo karan dawa, gwangwanin madara da marafan kwalba a darasin aikin hannu. Motar da ya ƙera ita ta fi tafiya, har mai rimot ɗin ya zo yana roƙon a koya masa ɗaura taya, tunda tasa batirinta ya ƙare. Ba mu ce hakan ya kashe sha'awar bindiga a ransa ba, amma ciwon cikin safe bai dawo ba.

Saura roƙo ga shugabannin makarantu da ke nan. Ku kai maganar gaban taron iyaye da malamai kafin Sallah mai zuwa, a amince kayan wasa na saye su tsaya a gida, a kuma sanar da iyaye a rubuce, don kada malamin aji ya zama shi kaɗai ne mai ƙwace wa yara kaya.