TUSHEN TSARIN MULKINMU



Mutane da yawa suna zaton Tsarin Mulki takarda ce ta lauyoyi, babu ruwan talaka da ita. To, ran da aka kama ɗanka aka tsare, ran nan za ka san da ruwanka. Saboda haka ya kamata mu san inda ya samo asali.

Saiwarsa ɗaya tana Ingila. A shekarar 1215 manyan ƙasar suka tilasta wa Sarki John ya amince da wata yarjejeniya mai suna Magna Carta, wadda ta ce ba za a ɗaure ɗa ba sai bisa shari'a. A 1679 majalisarsu ta ƙarfafa ikon alƙali na ya sa a kawo masa wanda aka tsare, a faɗi dalili. Dokokin Ingila sun shigo Ikko a 1863, shekara biyu bayan Turawa sun karɓe ta. Amma kada a ɗauka sun tarar da ƙasa ba doka. A Arewa akwai alƙalai da shari'ar Musulunci tun kafin zuwansu, kuma ba su rushe kotunan ba.

Saiwa ta biyu ita ce koyon mulkin kai, wanda ya zo da jan ƙafa ƙwarai. A 1922, zamanin Gwamna Clifford, aka kafa tsarin zaɓen wakilai, su huɗu tak: uku daga Ikko, ɗaya daga Kalaba. Mai jefa ƙuri'a kuwa sai namiji mai samun fam 100 a shekara. Ku duba, mutum nawa ke da wannan a lokacin? Arewa ma ba ta cikin majalisar, Gwamna ne ke yi mata doka shi kaɗai, sai tsarin Richards na 1946 ya shigar da ita. Aka yi kuka cewa Richards bai shawarci kowa ba, shi ya sa kafin tsarin Macpherson na 1951 aka nemi ra'ayin jama'a tun daga ƙauyuka har zuwa babban taron Ibadan na 1950. Tarayya ta kafu a 1954. Gabas da Yamma suka sami mulkin kai a 1957, Arewa a 1959, ƙasa duka a 1960.

Ba duk abin da muka gada muka riƙe ba. A 1963 aka daina ɗaukaka ƙara zuwa London, a 1979 aka bar tsarin Firayim Minista aka ɗauki na Shugaban Ƙasa irin na Amurka. Amma tsohuwar ƙa'idar nan ta tsare mutum tana nan a sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999. Wanda aka kama, wajibi ne a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Idan akwai kotun da ke da ikon jin ƙarar a cikin kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya.