Wanda ba a ƙidaya ba, ba a yi masa kaso

Yau maganar lissafi za mu yi.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ce naƙasassu a Nijar su dubu 715 ne da ƴan kai, wato kashi 4,2 cikin 100 na mutum miliyan 17. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na 2022, ta ce a duniya mutum 1 cikin 6 ne ke rayuwa da naƙasa. Gaskiya ne ƙasarmu ta yara da matasa ce, kuma naƙasa ta fi yawa ga tsofaffi. Amma tsakanin 4 da 16 akwai rata babba. To sauran suna ina?

Suna cikin ɗaki. In mai ƙidaya ya tsaya bakin zaure ya ce "akwai naƙasasshe a gidan nan?", maigida zai tuna makaho da gurgu kaɗai. Ba zai faɗi yarinyar da sanƙarau ya toshe wa kunne ba, ko yaron da ke farfaɗiya ana cewa iska ce, ko tsohuwar da yanar ido ta hana ta zuwa rijiya. Wani kunya ke hana shi, wani tsoron kar a ƙi auren ɗiyansa.

Abin da ke biyo baya kun san shi. Hukumar lafiyar ta ce wasu naƙasassu na mutuwa shekara 20 kafin sauran mutane. A nan gida, makarantar makafi ta Soli Abdurahamane da ta kurame ta Hassane Bana Ba duk a Yamai suke. Asibitin CURE mai gyaran ƙafafun yara shi ma can yake. Ɗan talakan Tanut ko Bouza, wa zai biya masa kuɗin mota? Ƙarshenta a miƙa masa kwano a aza shi bakin titi.

Kuma doka akwai ta. Tun 1993 aka ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, an ƙara wata doka a 2019. Sai dai magajin garin da bai san kurame nawa ke cikin komin ɗinsa ba, ta yaya zai nemi malamin maganar hannu?

Don haka buƙatunmu uku ne. Na farko, a ƙidaya ta gaba a canza tambaya. A tambayi kowane mutum: kana shan wahala wajen gani, ji, tafiya, tuna abu, wanka da sa tufa, ko fahimtar magana? Tambayoyi shida ne, ƙasashe da yawa na aiki da su, ba su kunyata kowa. Na biyu, a sa naƙasassu cikin masu ƙidayar. Na uku, kowace komin ta buɗe rajistarta tare da masu unguwanni da limamai, ta fito da ita fili ranar da ake tsara kasafi.

Ku kuma iyaye, in masu ƙidaya sun zo, ku fito da yaran nan a rubuta su. Allah ya ba mu ikon sauke nauyi.