Jawabi a Taron Ƙungiya: Haƙƙinmu a Asibiti

Mu 'yan kasuwa mun sani, in aka tauye mudu mai saye ba ya yin shiru. To, don me muke shiru a asibiti?

A shekarar 2000 tsohon Babban Asibitin Keffi ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, ya zama FMC. A 2004 aka kafa SERVICOM don karɓar koke-koken jama'a kan ma'aikatun gwamnati. A 2018 kuma aka ƙaddamar da takardar haƙƙin majinyaci: a yi masa bayanin ciwonsa da harshen da yake ji, a rufa masa asiri, a saurari kukansa.

Amma mu, in an yi kuskure sai mu koma gida muna guna-guni. Alhali da rubutaccen koke ne shugabannin asibiti kan zauna su binciko inda aka kauce. Kuskuren da muka ɓoye yau, gobe kan ɗan wani zai faɗa.

Saboda haka, mu tambayi sunan magani da yadda ake shan sa. Mu adana kati. Mu raka tsofaffinmu. In akwai ƙorafi, mu rubuta cikin ladabi, da rana da sunan ɗaki. Gyara kayanka ai ba sauke mu raba ba ne.

Wassalam.