Sojan da Ya Dawo Ba Ya Barci, Ba Mahaukaci Ba Ne



Abin da ya tsayar da ni gabanku yau magana ce guda, wadda nake ji a duk garin da na sauka, tun daga ƙauyukan Tanut har Balbeji, wato wai in an kai soja likita don ba ya barci, shi ke nan an buga masa tambarin hauka, ba mai ba shi aure, ba mai auren ƙannensa. Saboda wannan magana, ƴaƴanmu da suka yi ɗamara zuwa Diffa tun da Boko Haram ta faɗa wa Bosso a 2015, da waɗanda suka binne abokansu bayan harin Inates a Disamban 2019, inda sojoji 71 suka kwanta dama, in sun zo hutu sai a ɓoye su a ɗaki, alhali ciwonsu yana da magani.

Na je wani gari na tarar da wani matashin soja wanda ƙarar salansar babur ta sa ya kife a ƙasa tsakiyar kasuwa. Mahaifiyarsa ta rantse mini iskoki ne, matarsa kuwa ta ja ni bayan rumbu ta ce wata da watanni yana firgita da dare yana kiran sunayen matattu, kuma ya fara shan tiramol. Jama'a, wannan ba hauka ba ce! Zuciya ce ta ga abin da ya fi ƙarfinta. Annabi Yakubu, alaihis salam, baƙin cikin rabuwa da Yusufu ya kai shi har idanunsa suka yi fari. Wane ne cikinku zai kira shi da sunan da kuke tsoro?

Ban hana ku ruƙiyya da addu'a ba, haƙiƙa mu ma su muke roƙo. Amma tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, malamai ga ku nan, ku ƙaryata ni. Don Allah, har yaushe kunya za ta fi muku ran ɗanku?

Sauran kuwa a gurguje: kada ku tsare sojan da ya dawo da tambayar mutum nawa ya kashe, matar da ake duka ta zo wurin majon asibiti, asirinta a rufe, wanda ya ambaci kashe kansa kada a bar shi shi kaɗai, a kawo shi asibiti a ranar, mu rubuta masa takarda zuwa babban asibitin Damagaram.