Basukur Ya Dawo, Amma Hanya Ta Sāke

Jawabin Jami'in Watsa Labarai ga Hakimai da Magatakardan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa

An umurce ni in yi magana a gabanku bisa wani abu ƙarami a ido, watau keke, ko basukur yadda dattawa ke ce da shi. Ni yaro ne, ban isa in koya muku kome game da ƙasarku ba. Sai dai aikin ofishinmu ne mu tattara abin da ke warwatse mu sa shi wuri guda, domin manya su duba.

Kowa ya san abin da ya faru ran 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuwa ta kai naira 1,000 a wurare da yawa. Mutumin da ya saba tā da babur don zuwa gona ya yi lissafi, ya ga abin ba zai fisshe shi ba. Sai ya shiga ɗakin shirgi ya jawo tsohon keken mahaifinsa, ya kakkaɓe ƙura, ya kai wa mai faci. Tun daga Bebeji da Kiru har zuwa duwatsun Riruwai, za ku ga malamin makaranta da manomi da mai tallan rake sun koma bisa sirdi. Ni dai ina ganin wannan alheri ne. Keke ba ya cin ciyawa, ba ya shan mai, kuma tafiyar da mai ƙafa zai yi cikin sa'a uku, mai keke ya yi ta cikin sa'a guda idan hanya ta yi kyau.

Irin keken nan da muka sani, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa a tsakani, wani Bature mai suna Starley ya fito da shi a Kobantiri ta Ingila cikin 1885. Tayar da ake hura wa iska kuwa, wani likitan dabbobi ne, Dunlop, ya yi ta cikin 1888, don ɗansa ya daina shan girgiza. Daga baya su Raleigh da Hercules da Phillips suka cika kantunan Kano, kāna Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka biyo. A zamanin En'e, malamin haraji da malamin gona da ɗan saƙon hakimi duk bisa basukur suke rangadi, kowane keke da lambar lasin a jikinsa.

To, ga inda maganar take. Keke ya dawo, amma bai tarar da hanyar da ya bari ba. A wancan zamani mota ɗaiɗai ce, hanya kuma ta jar ƙasa, gargada ma ta isa ta hana direba gudu. Yau babban titin Kano zuwa Zariya ya ratsa ƙasar Bebeji da Kiru. Daga Kwanar Dangora kuma kwalta ta miƙe zuwa Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta bi ta Doguwa ta nufi Saminaka da Jos. Manyan motoci ne dare da rana, balle da kaka, sa'ad da ake kwasar shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa. Yaron da ke hawan keke yau bai taɓa samun wanda ya zaunar da shi ya gaya masa dokar hanya ba, gama ubansa da kansa ya yi shekaru bai hau ba.

Abu na fari shi ne hannun da ake bi. Tun ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar hannun hagu ta koma dama, kuma dokar ta haɗa da mai keke. Amma sau da yawa za ku ga mutum yana tuƙi yana fuskantar motoci. In ka tambaye shi, sai ya ce ya fi son ya ga abin da ke zuwa. Wannan ƙa'idar mai tafiya a ƙasa ce, shi ne aka ce ya fuskanci mota, domin yana iya daka tsalle ya kauce. Mai keke ba ya iyawa. Ku duba lissafin. Mota tana gudun kilomita 60 a sa'a, keke yana 15. Idan gaba ɗaya suka nufa, da gudun 45 take cim masa, direba kuma ya daɗe yana hangensa. Idan kuwa suka fuskanci juna, da gudun 75 za su haɗu.

Na biyu, almuru. Shi ne lokacin da ake tasowa daga gona da kasuwa, shi ne kuma lokacin da idon direba ya fi rauni, ga ƙurar hunturu in lokacinta ne. Motar da ke gudun 60 ɗin nan tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa guda. Mutum bisa baƙin keke, da riga mai duhu, ba fitila, kafin direba ya gane mutum ne ya riga ya iso kansa. Kekunan dā suna zuwa da fitilar dinamo a gaba da jan gilashi mai ƙyalli a baya, amma tsofaffin da ake jawowa yanzu yawancinsu waɗannan sun daɗe da faɗuwa. Maganin ba tsada gare shi ba. Ƙaramar tocila a ɗaure a gaba, jan abu mai ƙyalli a baya, ko da yankin irin ledar nan da ake liƙa wa bayan manyan motoci, sa'an nan farar riga. Wanda ya ɗora buhu a kariya ya lura kada buhun ya rufe jan gilashin.

Na uku, birki, kuma a nan zan faɗi laifin kaina. Ina aji huɗu a sakandare, keke nake hawa zuwa makaranta, robar birkin baya ta cinye, na gaba kuma sai a hankali. Kuɗin roba bai taka kara ya karya ba, amma na yi ta cewa sai ran kasuwa. In zan tsaya sai in sa silifa in danne taya, yadda yara ke yi. Wata safiya da damina na ɗauko ƙanena a baya, muka zo gangaren wani rafi, an yi ruwa da dare. Ban sani ba a lokacin cewa bakin ƙarfen ƙafar keke in ya jiƙe, ko sabuwar roba ba ta kama shi da wuri, balle tawa. Keke ya ƙwace, yaron ya tsorata ya matse ƙafafunsa, sai dugadugansa ta shiga cikin wayoyin ƙafar baya. Wata biyu bai taka ba, tabon kuma yana nan har yau. Babanmu bai buge ni ba. Ya sa ni dai in riƙa ɗaukar yaron a kafaɗa zuwa wurin wankin ciwo, tafiyar da ban manta ba.

Na daɗe bisa wannan domin goyon yara shi ne abin da kowane gida ke yi. Uba ya ɗauki ɗa zuwa asibiti, wa ya ɗauki ƙane zuwa makarantar allo. Ba wanda zai hana, bai ma kamata a hana ba. Amma a sa wa yaro wurin ɗora ƙafa, a rufe gefen ƙafar baya da ɗan katako ko roba mai kauri, kuma kada a bar lafaya ko bakin zane yana reto kusa da sarƙa. Yaron da bai kai ya zauna bisa sirdi ba, wanda ke zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya yana tuƙi a karkace, ya koya a fili ko a cikin gari. Kada a aike shi ta bakin kwalta.

Malamai magatakarda, ga naku. Da keke ya yi daraja, ɓarawo ma ya tuna da shi, ƙararrakin kuma gabanku suke zuwa. Kowane keke na kanti yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfensa, yawanci a ƙarƙashin sirdi ko ƙarƙashin inda feda ke juyawa. Da za a buɗe littafi a ofishin hakimi, a rubuta sunan mai keke da garinsu da irin keken da lambarsa, kuma in an yi ciniki a sāke suna gaban shaidu, da shari'ar da ke cin mako ta ƙare cikin yini. Tsarin Mulki na 1999 ya sa ba da lasin keke cikin ayyukan ƙaramar hukuma, saboda haka sai a yi da saninta. Roƙona ɗaya ne, kada littafin nan ya zama ƙofar karɓar kuɗi. Ran da talaka ya ji ƙamshin haraji a ciki, ba za ku ƙara ganin kekensa a ƙofar fada ba.

Masu gyaran keke kuwa, su ne malaman wannan al'amari, ko da ba su sani ba. Kowane keke sai ya biyo ta hannunsu. In dagaci ya tara na ƙasarsa ya ce musu duk wanda ya kawo faci a duba masa birki a gaya masa gaskiya, za su ji, gama cinikinsu ne ma zai ƙaru. Shugabannin makarantu su duba kekunan yara a farkon kowane zango. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, wayar da kan jama'a yana cikin aikinta, ana iya gayyatar jami'anta su yi bayani ran kasuwa.

Saura abu guda, ranku ya daɗe, wanda ba mai iya shi sai ku. Tsakanin ƙauyukanmu akwai tsofaffin turbobi da burtali waɗanda mai keke zai bi ya isa makaranta ko kasuwa ba tare da ya hau kwalta ba. Amma kowace damina sai mai gona ya ƙara kunya guda cikin turba, maƙwabcinsa ma ya ƙara, wani ya zuba ƙaya ya yi shinge, har hanyar da dā jaki biyu ke wucewa ta gagari keke guda. Daga nan yara su koma titin mota. Ina roƙo, kafin ruwan shuka ya sauka, a umurci dagatai da masu unguwanni su zaga turbobin da 'yan makaranta ke bi, a maido da iyakarsu, a kwashe ƙaya, magatakarda kuma su aiko mana da sunayen waɗanda aka buɗe domin mu sanar da makarantu.